Ƙwallon da Aka Ɗinka da Gafakar Sale

Jiya ɗayanku ya shigo shagon nan da ƙwallo a hammata, ya dire mini ita a kan benci ya ce, "Baba Usta, ɗan liƙe mini wannan, ina jira a waje." Yana jira a waje, sai ka ce ful, dafaffen waken nan, ya zo saya. Na juya ta na duba, roba ce aka narka aka manne da inji, ba ɗinki ko ɗaya a jikinta. Na ce masa irin wannan ba a gyara ta, jefarwa ake yi. Ya yi dariya ya ce ai dama gyaran ƙwallo ba wani aiki ba ne. To ku zauna, tunda shayin bai huce ba, in gaya muku yadda aikin yake a lokacin da ƙwallo take da fata, take da baki.

Ni a Wad Madani aka haife ni. Kakanninmu mutanen Katsina ne da suka taso aikin hajji suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Dukanci na tarar a gidanmu, kube da linzami da takalmi, don haka da na shigo Masar gani nake ba wanda zai koya mini komai a kan fata. Usta Ramadan, Usta kuwa shi ne gwanin sana'a a bakin mutanen nan, wani Bamisire mai shago a bayan kasuwar Ataba, shi ya sauke mini wannan girman kan. Ranar farko ya miƙo mini ƙwallo a farke ya ce in rufe. Na rufe, aka hura, sai ta fito kamar gwanda. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗora ta a kan kanta, wata da watanni duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce ga aikin Basudane.

Ƙwallon wancan zamani da ƙirgin saniya ake yin ta. Za ka yanka shi falle-falle, ka jiƙa, ka ɗame a kan katako har ya daina miƙewa, domin idan ba ka cire masa miƙewar a shago ba, a fili zai miƙe. A bai-bai ake ɗinkin. Basilla ta huda, allura biyu su bi rami ɗaya, ɗaya daga nan ɗaya daga can, zaren an murza shi da kakin zuma, ka ja har ya shige maka gaɓar yatsa. Sannan ka juyo ta gaba ɗaya ta wani ɗan baki da bai fi tsawon yatsa ba, ka cusa robar ciki, ka hura, ka tura wuyan robar ciki, ka ɗaure bakin da igiyar fata kamar takalmi. Wanda ya sa kai ya gamu da igiyar nan, goshinsa ne zai ba da labari. In kuwa ta sha ruwa, nauyinta sai ya koma na kankana.

Abu biyu Usta Ramadan ya dasa mini. Na farko, fata tana da fuska tana da ciki, kuma kafin ka ɗinka sai ka kankare cikin da wuƙa har ya yi fari ya yi gashi-gashi. Na biyu, duk fatar da wani ya kawo maka da hannunsa, ka tambaye shi ta wace dabba ce, kuma ta wane ne. Na ɗauka tsoron fatar alade ne da kayan sata, ban taɓa neman ƙarin bayani ba.

Da na buɗe nawa wurin a gefen unguwar Abbasiyya, masu kawo mini aiki sun fi yawa daga wata 'yar kwaleji inda ɗalibai baƙi ke koyon Larabci kafin su shiga jami'a. Unguwar Hayyus Sabi'in nan da kuke cika da hayaniya yanzu, a lokacin rairayi ne da gine-gine jefi-jefi, kuma a can filin wasansu yake, tsakuwa zalla. Ƙungiyar tasu abin tausayi ce. Yawanci 'yan arewacin Najeriya ne da Nijar, waɗanda sai da suka zo nan suka fara taɓa ƙwallon fata. Rigunansu da kansu suka rina a bokiti, kowace da irin shuɗinta. Takalman ba su isa kowa ba, kuma ƙwallonsu ɗaya ce tak. A gasar ƙananan kwalejoji kullum su ne a ƙasa, har yaran unguwa kan bi su suna ihu.

Akwai wata al'ada ta wancan lokaci da sai kun san ta za ku gane abin da ya faru. Ba wanda ya yarda da ƙwallon wani, tunda kowace da irin nauyinta da irin karkatarta. Saboda haka kowace ƙungiya da tata take zuwa. A yi rabin wasa da ta waɗannan, a juya a yi rabi da ta waɗancan.

Mai tsaron gidansu Sale, Bazazzagi ne dogo, tafin hannunsa kamar faranti. Shi ke kawo mini ƙwallon duk mako in shafa mata mai in duba ɗinki. Yakan kifa wani gwangwani a bakin ƙofa ya zauna muna hira. Shi kaɗai ne ke hana a yi musu cin wulaƙanci. A zafin wata bazara, kafin a buɗe gasa, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan aka ce ya rasu.

Ƙanensa Habu yana kan hanya a lokacin, ya taso daga gida ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, don ya zo karatu wurin yayansa. Ya iso ya tarar an binne. Aka kai shi maƙabarta aka nuna masa wurin. Waɗanda suka raka shi sun ce ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai ƙasa ce." Bai yi kuka ba. Duk wanda ya zo yi masa gaisuwa, da ya fara sai Habu ya miƙe ya bar ɗakin. Daga baya mutane suka gaji suka daina. Aka haɗa masa kayan Sale, 'yan riguna da gafakar da yake zuba littattafansa.

Wannan ita ce muguwar shekara a sana'armu. Duk ƙirgi mai kyau wajen ɗinkin takalman soja yake tafiya. Ka je majema tun safe ka dawo da guntayen da ko kyanwa ba za ta ɗauka ba. Abokan aikina da yawa suka rufe, wani ya koma sayar da rake. Ni da facin tsofaffin takalma nake cin abinci. Ana cikin haka sai ƙwallon ɗaliban nan ta faɗa kan wayar shinge, falle guda ya yage tun daga kai har ƙasa.

Kyaftin ɗinsu Lawali, mutumin Damagaram, shi ya kawo ta, Habu na biye da shi. Na ce musu ba faci take so ba, sabon falle take so, kuma ba ni da shi, ba kuma wanda yake da shi. Sai Habu ya sauke gafaka daga kafaɗa, ya zare littattafan ya jera a kan bencina, ya turo mini ita. Ba irin jar fatar akuyar nan mai laushi ba ce, ƙirgi ne mai kauri, jimar gida, an rina shi ja. Na shafa, na san zai yi.

Na ce, "Ta wace dabba ce?"

Ya ce, "Sa ne. Babanmu ya yanka."

"Ta wane ne?"

"Ta Yaya ce. Ya ce mini idan na zo zai nuna mini yadda yake tsaron gida. To a sa shi a ciki."

Na dubi Lawali. Ya ce, "Usta, wallahi mun kwana biyu muna muhawara a ɗaki. Wasu sun ce gado ne, mahaifiyarsa tana da haƙƙi, wasu sun ce sadaka ce mai gudana. Kowa da littafinsa. Ƙarshe dai ɗan'uwansa ne ya kawo da kansa."

Ɗaliban addini ke nan, ko allura za su ara sai sun kawo hujja. Na ga mai abu ya bayar da bakinsa, na ɗauki wuƙa. Na yanki bayan gafakar, na kankare cikin har ya yi fari tas, na jiƙa, na ɗame, na ɗinka. Ƙwallon ta fito ruwan ƙasa da jan falle ɗaya a gefe. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba.

Wasan farko na rufe shago na je kallo. Ba wanda ya yarda ya tsaya inda mamaci ya tsaya, sai Habu ya ce shi zai tsaya, alhali bai taɓa tsaron gida ba a rayuwarsa. Aka fara da ƙwallon baƙin da suka zo karawa da su. Abin ba kyan gani. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta bi ta kan kansa, sau ɗaya ma ya kauce mata kamar mai kauce wa keke. Da aka juya aka sa tasu, sai wani ɗan gaba na baƙin ya sako wata daga gefe da ƙarfin gaske. Habu ya tashi sama ya ce, "Tawa ce!" ya cafke ta da hannu biyu ya rungume.

Na ga Lawali ya tsaya cak a tsakiyar fili. Ni ma na gane muryar. Haka Sale yake faɗa, da wannan jan muryar a ƙarshe, kuma haka yake durƙusawa a gwiwa ɗaya bayan ya kama. Habu bai taɓa ganin yayansa a fili ba, domin a Masar Sale ya koyi ƙwallo. Har aka tashi ba abin da ya sake shiga ragar.

Haka kakar wasan ta tafi. Rabin da ake yi da ƙwallon wasu, Habu ɗan koyo ne, a ci shi yadda aka ga dama, sai 'yan bayansa su taru su tare masa. Rabin da ake yi da tasu, ko da me ka zo ba za ka wuce shi ba. Yaran suka gane, suka riƙa tsare gida a rabin farko suna kai hari a na biyu. Ƙungiyar da ake bi da ihu sai ga ta tana hawa. Wani mai horar da wata kwaleji ya zo har shagona yana kumfar baki, wai na ɗinke laya a ciki. Na kwance igiyar bakin, na zaro robar, na ba shi ya zura yatsa ya girgiza. Bai ji komai ba, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ya tafi.

Shafa mai na mako-mako shi ya fara damuna. Filin nan tsakuwa ce, duk fallayen ƙwallon sun kuje sun yi fari-fari, amma jan fallen ko ƙwarzane babu, kamar ranar da na ɗinka shi. Na san fata. Ba fatar da za ta sha tsakuwa wata da watanni fuskarta ta zauna haka. Ga shi kuma ƙwallon ba ta sacewa. Kowace ƙwallo sai an ƙara mata iska, wannan famfona bai sake taɓa ta ba.

Amma ba ƙwallon ce abin tsoron ba, Habu ne. Shi ke kawo ta yanzu, kuma da ƙyar yake sakar mini ita, ina shafa man hannunsa na kai. Ya rame, wuyansa ya fito, idanunsa sun faɗa. Abokan ɗakinsa suka ce ya daina zuwa aji, abinci sai an matsa masa. Da farko da wasa suke kiransa Sale idan ya yi kamu mai kyau. Sai aka wayi gari in ka ce Habu ba ya juyowa.

Wata rana da hantsi ya shigo, bai tambayi komai ba ya jawo gwangwanin nan daga ƙarƙashin benci, ya kifa a bakin ƙofa ya zauna. Ya ɗaga hannayensa yana dubawa, ya ce, "Usta, ka gama tunanin safar hannun nan kuwa? Ka ce sai ka samu fata mai laushi."

Basillar ta faɗi daga hannuna. Zuwan Sale na ƙarshe ya roƙe ni in gwada ɗinka masa safar hannu, na ce sai na samu fata mai laushi. Mu biyu ne a shagon ranar, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske, da rana tsaka, motoci na wucewa. Na ce, "Habu, wa ya gaya maka maganar nan?" Ya kalle ni kamar bai san da wa nake ba.

Na tare Lawali bayan sallar Juma'a na ce masa yaron nan tafiya yake yi muna kallo. Uwarsu ta riga ta rasa ɗaya, kada a aika mata labarin na biyu. Lawali ba mugu ba ne, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya gani. Ya ce, "Usta, wasa ɗaya ya rage. Tunda aka kafa kwalejin nan dariya ake yi mana. Bari mu ɗauki kofin, halas, shi ke nan, sai a yi duk abin da ka ce." Na ce jikin yaron ba lallai ya kai ba. Ya ce in yi haƙuri.

Ana saura 'yan kwanaki wasan ƙarshe, ɗinki ya ɓalle a wurin gwajin wasa. Ba na jan fallen ba, na kusa da shi. Irin wannan ba a kama shi daga waje, dole a farke a juya ƙwallon. Lawali da Habu suka kawo ta bayan azahar, suka zauna a inuwar ƙofa. Na zare robar, na yanke zaren, na tura babban yatsa na juyo cikin waje.

Sauran fallayen cikinsu fari ne da gashi-gashi, yadda ya kamata. Jan fallen, wanda ni da hannuna na kankare, cikinsa ya yi baƙi ya yi sulɓi yana sheƙi, irin sheƙin da ƙotar wuƙa take yi idan hannu mai gumi ya shekara yana riƙe ta. Ba duka ba, wuri biyu ne gefe da gefe. Na fito da shi hasken rana. Tafin hannu ne guda biyu, da yatsunsu, kuma ƙaramin yatsan na dama a karkace yake. Ba abin da ke taɓa cikin ƙwallo sai roba.

Na kira su. Lawali ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Habu ya karɓa, ya ɗora tafinsa a kan shaidar. Hannunsa bai cika ta ba, ta fi shi da gaɓa guda. Ya bi karkataccen yatsan da nasa yatsan.

Ya ce, "Yatsan Yaya ne, daga kan mangwaro ya faɗo. Ni ya hau tsinko wa."

Tunda aka fara gasar ban ji ya yi maganar yayansa a matsayin wani mutum dabam ba sai ranar. Mai rake ya wuce da amalankensa, ya dawo, Habu bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "Usta, tun farkon kaka Yaya daga ciki yake tarewa ke nan?"

Na ce ban sani ba.

"Kana ganin ya gaji?"

Na ce, "Ni baduku ne, Habu, ba malami ba. Abin da na sani, fatar da ba a bari ta huta tana gajiya."

Ya miƙo mini ƙwallon ya ce, "Cire shi."

Lawali ya miƙe tsaye. Ya ce a bari kwana kaɗan mana, ya ce yaran za su tsine masa, ya ce me zai gaya musu. Habu bai ko dube shi ba. Ni kuma na ce wanda ya kawo fata shi ke da ikon karɓar abinsa, na ɗauki wuƙa. Na warware fallen a hankali don kada in taɓa shaidar, na naɗe masa a tsumma. A gurbin na ɗinka tsohuwar fatar sirdin keke, ita kaɗai na samu. Da na hura sai ƙwallon ta ɗan karkace, kuma kafin su kai bakin titi ta fara sacewa kamar kowace ƙwallo.

Ranar wasan ƙarshe na je. An ci su a rabin farko, an ci su a na biyu fiye da na farko. Ban ƙirga ba. Habu ya yi iya yinsa, ya faɗi nan ya faɗi can, gwiwoyinsa duk jini, bakinsa a rufe. Duk sanda ta shiga, shi ke zuwa ya ɗauko ta daga cikin raga, ya juya ta a hannu ya duba, sannan ya jefa tsakiya. Yaran unguwa suka dawo da ihunsu na da.

Da alƙali ya hura usur, masu nasara suka tafi da kofinsu suna waƙa. Habu ya zauna a ƙasa a tsakanin sandunan, ya jingina da ɗaya. Na zata 'yan wasan za su wuce shi, domin kowa ya san abin da aka cire da wanda ya sa aka cire. Lawali ne ya fara zuwa. Ya tsaya a kansa ya kira shi, "Habu."

Ya ɗago.

Ya ce, "Kyaftin, Yaya ya rasu."

Lawali ya cire takalmansa, ya durƙusa a kan tsakuwar ya miƙa masa hannu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Habu ya ce amin, sai kukan ya zo. Sauran suka jeru a bayan Lawali da rigunansu masu gumi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya yi gaisuwarsa, shi kuma yana karɓa. Na shiga layin a ƙarshe. Har rana ta yi sanyi muna zaune a bakin ragar nan, ba wanda ya tashi.